Zamfara: Ƙananan jiragen sama da zargin kai wa 'yan bindiga makamai

A ranar Talata 2 ga watan Maris na 2021, ranar da aka sako 'yan mata 279 na makarantar sakandaren Jangebe, mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan harkokin tsaro na wancan lokaci, Manjo Janar Babagana Monguno mai ritaya, ya shaida wa manema labarai a Abuja cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin samaniyar jihar Zamfara, ya kuma jaddada haramcin haƙar ma'adinai a jihar.

Jama'a da dama sun yi mamakin wannan mataki, domin a lokacin Zamfara ba ta da filin jirgin saman fasinja, in ban da wani ɗan titin sauka da ke Gusau.

Daga bisani kakakin shugaban ƙasa, Malam Garba Shehu, ya yi bayanin cewa akwai zargi mai ƙarfi cewa ana amfani da jirage masu saukar ungulu wajen kai wa 'yan bindiga makamai, a kuma kwashe zinare a fita da shi.

Ga mutanen Kaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, wannan ba sabon zance ba ne. Labarin jirgin da ke sauka a daji da almuru ya daɗe yana yawo a tasha da kasuwa da majalisun hira, kuma jin sa daga bakin fadar shugaban ƙasa ya ƙara masa nauyi.

To sai dai sanarwar ba ta ambaci lambar jirgi ko ɗaya ba, ba ta faɗi sunan mai shi ba, ba ta kuma ce ga filin da ya tashi ba. Wannan giɓi ne babba, ganin cewa a duk abubuwan hawa da ɗan Adam ya ƙera, da wuya a sami wanda ke barin sawu a takarda kamar jirgin sama.

Abin da na'ura ke gani

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne yadda ake tabbatar da irin wannan doka.

A shekarar 2010 ne aka ƙaddamar da tsarin na'urorin rada na farar hula da aka ce zai game sararin samaniyar Najeriya baki ɗaya, wanda hukumar NAMA ke gudanarwa. An kafa na'urorin a wurare tara. Huɗu suna manyan filayen jiragen sama na Legas da Abuja da Kano da Fatakwal, sauran biyar kuma suna Ilori da Maiduguri da Numan da Obubra da Talata Mafara.

Wato ke nan ɗaya daga cikinsu a cikin Zamfara aka girka ta, a ƙaramar hukumar da Jangebe take.

Amma rada iri biyu ce. Akwai wadda ke aika sigina ta bugi jikin jirgi ta dawo, ko matuƙi yana so ko ba ya so. Irin wannan a manyan filayen nan huɗu aka sa ta, kuma hangenta bai wuce kilomita 150 ba, alhali daga Kano zuwa Shinkafi a miƙe ya kai kimanin kilomita 250.

Ɗaya irin kuwa tambaya take aikawa, wata 'yar na'ura da ke cikin jirgin ta ba ta amsa da lambarsa da nisan da yake daga ƙasa. Ta Talata Mafara irin wannan ce. Idan matuƙi ya kashe na'urar amsawar, wadda maɓallinta ke gabansa, to babu abin da zai bayyana a allo. Haka kuma jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa, dab da kan itatuwa, yakan kuɓuce wa rada ko wace iri ce idan ya yi mata nisa.

Ma'anar wannan ita ce, a ɓangaren farar hula, dokar hana shawagi ta fi kama wanda dama mai bin doka ne, wanda ke rubuta takardar tafiya ya miƙa wa hasumiya kafin ya tashi. Wanda ya yi niyyar ɓoyewa kuwa, sai dai idan jiragen rundunar sojin sama sun ci karo da shi.

Jirgi ba babur ba ne

Duk da haka, ɓoyewa a sama na ɗan lokaci ne. Jirgi a ƙasa yake kwana, a ƙasa yake shan mai, a ƙasa kuma ake gyara shi, kuma a nan ne sirri ke wuyar riƙewa.

A ɗauki misalin Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujeru huɗu da farfela guda, wanda babu wani jirgi da aka ƙera da yawa kamarsa a duniya. Yana gudun kimanin kilomita 220 a sa'a, tankunansa na cin lita 200 ko kusa da haka, yana kuma ƙona lita 30 zuwa 35 a kowace sa'a.

Mai irin wannan jirgi ba kilomita yake ƙirgawa ba, sa'o'in da injin ya yi yana aiki yake ƙirgawa. Bayan kowace sa'a 50 a kan juye baƙin mai, a yanka matatar a duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, domin shi ne alamar farko ta cewa wani abu na cin ɗan'uwansa a cikin injin. Bayan sa'a 100, ko kuma sau ɗaya a shekara, a kan buɗe jirgin a bi shi gaba da baya: ƙarfin matsin kowace silinda, fulogogi, wayoyin da ke juya fukafukai da jela, birki, tayoyi, da duk inda tsatsa ko tsagewa ka iya ɓoyewa. Idan injin ya kai kimanin sa'o'i 2,000, kamfanin da ya ƙera shi ya ce a sauke shi a yi masa garambawul, aikin da galibi sai an tura injin waje.

Jirgi mai saukar ungulu ya fi haka cin rai. Robinson R44, wanda yake cikin mafi araha kuma mafi yaɗuwa a hannun masu zaman kansu, ana kwance shi baki ɗaya bayan sa'o'i 2,200 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, kuma wasu sassansa jefar da su ake yi idan wa'adinsu ya cika, ko da kuwa ido na ganin lafiyarsu lau.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da makanikin gefen titi zai yi. Injiniya ne mai lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, zai yi, ya rubuta abin da ya yi a kundin jirgin, ya sa hannu da lambar lasisinsa. Akwai kundin gangar jiki, akwai na inji, akwai na farfela. Manyan sassan jirgi kowanne da lambarsa da takardar da ta rako shi daga inda aka sayo shi. Matuƙi ma yana da nasa kundin, inda yake rubuta ranar tafiya, da inda ya tashi, da inda ya sauka, da tsawon lokacin da ya yi a sama.

Idan aka jera waɗannan kundaye aka gwada su da agogon injin da rasiɗin mai, sa'o'in da aka yi a ɓoye sukan fito fili. Ana iya yin ƙarya a takarda, ba shakka, amma ƙaryar na buƙatar haɗin bakin matuƙi da injiniya da mai sayar da mai da mai kula da rumfar ajiye jirgi. Kuma mai jirgin da ya lalata kundinsa ya karya darajar dukiyarsa da hannunsa, domin jirgin da tarihinsa ke da giɓi ba ya kuɗi a kasuwa.

Sabunta jirgi ma tona shi yake ƙara yi. Abin da masu ƙananan jirage suka fi kashe wa kuɗi a shekarun baya-bayan nan shi ne cire tsofaffin agogunan gaban matuƙi a sa allo mai aiki da tauraron ɗan adam, da kuma na'urar ADS-B, wadda ke shelanta inda jirgi yake a kowace daƙiƙa. Amurka ta wajabta ta a mafi yawan sararinta mai cunkoso tun ranar 1 ga Janairun 2020. Jirgin da ke ɗauke da ita a kunne, duk mai wayar salula na iya bin sawunsa a shafuka irin su Flightradar24, matuƙar akwai na'urar karɓar sigina a kusa. Kowane irin canji kuma sai da amincewar hukuma, sai an sake auna nauyin jirgin an rubuta.

Matsalar mai

Sai kuma batun mai, wanda shi ne ya fi durƙusar da ƙananan jirage a Najeriya.

Manyan jirage da mafi yawan masu saukar ungulu na haya suna shan Jet A1, wanda dangin kananzir ne, kuma ana samunsa a manyan filaye. Ƙananan jirage masu injin fistan kuwa wani fetur na musamman suke sha da ake kira afgas, mai launin shuɗi, wanda ke ɗauke da sinadarin dalma. Daga waje ake shigo da shi a ganguna, masu sayensa kuma 'yan ƙalilan ne, kusan duk an san juna.

Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sha fama da tsada da ƙarancin wannan mai. Yana cikin dalilan da suka sa daga 2017 ta soma sauya tsofaffin jiragenta na koyo da samfurin Diamond, waɗanda injinansu ke shan Jet A1. Idan har makarantar gwamnatin tarayya ta ji jiki a kan afgas, to ana iya kwatanta halin da mutum guda zai shiga.

Akwai ƙananan injina, irin na kamfanin Rotax, da ke iya aiki da fetur na mota mai kyau. Sai dai wanda ya tuna gurɓataccen fetur ɗin da aka shigo da shi Najeriya a Fabrairun 2022, wanda ya lalata injinan motoci a Legas da Abuja, zai fahimci dalilin da ya sa matuƙi ke ɗari-ɗari. Mota idan ta mutu a kan gangara da ita gefen hanya.

Yanayin arewacin Zamfara ma ba ya sassauta wa ƙaramin jirgi. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iska na yin sako-sako, injin ya rage ƙarfi, fiffike ya rage ɗauka, titin da jirgi ke buƙata kafin ya ɗaga ya ƙara tsawo. Cessna 172 da ke buƙatar kimanin mita 500 kafin ta haye tsayin itace a yanayi mai sanyi, ta fi haka buƙata nesa ba kusa ba a rairayin Shinkafi da tsakar rana a watan Afrilu. Da hunturu kuma hazo ke rufe ko'ina. Ƙa'idar tuƙi da ido tana neman matuƙi ya iya hangen aƙalla kilomita biyar, hazon Disamba da Janairu kuwa yakan hana manyan jirage ma sauka a Kano da Sakkwato. Ƙurar da ke shiga matatar iska kuma a hankali take cinye silinda.

Lissafin kaya

Ko da an kawar da duk waɗannan matsaloli, akwai tambayar riba.

Idan aka cika tankunan Cessna 172, abin da ya rage mata na ɗauka bai fi kilo 250 ba, har da nauyin matuƙin. Bindiga ƙirar AK-47 na da nauyin kimanin kilo huɗu, ban da harsasai, waɗanda su ne ainihin nauyin. Kayan da irin wannan jirgi zai kai daji, babura uku ko huɗu za su kai shi cikin dare, ba ƙara, ba takarda, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Zurmi da Shinkafi duk suna dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma daga Shinkafi zuwa Maraɗi a miƙe kimanin kilomita 80 ne.

Shaidun da suka fito fili sun fi nuna hanyar ƙasa. Rahoton da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a Janairun 2020, bayan ta bincika makaman da aka ƙwace a Zamfara da Katsina da Kaduna, ya gano cewa wasu sun fito ne daga rumbunan Libiya da Kodebuwa, wasu daga hannun jami'an tsaron Najeriya suka sulale, wasu an shigo da su ta teku daga Turkiyya, wasu kuma ƙirar gida ce. A Afrilun 2021 'yan sandan Zamfara sun gabatar da wani ɗan Nijar da suka ce ya amsa sayar wa 'yan bindiga ɗaruruwan bindigogi. A Disambar 2024 kuma, tuhumar da gwamnatin tarayya ta shigar a Abuja kan wasu da ake zargi da taimaka wa Bello Turji, wanda ya addabi yankin Shinkafi, ta ambaci motar yaƙi da aka ce an sayo daga Libiya.

Ita kanta gwamnati, watanni shida bayan dokar hana shawagi, ƙasa ta dawo. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur a jarka da zirga-zirgar babura. Waɗannan matakai sun jigata talaka ƙwarai, amma sun nuna inda hukumomi suka san jijiyar 'yan bindiga take.

Zinare kuwa lissafinsa daban ne. Kilo guda bai kai girman wayar hannu ba, ana iya sa shi a aljihu. Daga ramukan Anka da Maru da Bukkuyum zuwa Gusau ko Kano ba ya buƙatar jirgi. Inda yake buƙatar jirgi shi ne wajen tsallake iyaka zuwa kasuwannin waje, musamman Dubai, kuma wannan a manyan filaye yake faruwa. A Satumbar 2021 ƙaramin ministan ma'adinai na lokacin, Uche Ogah, ya faɗa wa wani kwamitin majalisar dattawa cewa da jiragen masu zaman kansu ake fasa-ƙwaurin zinare. A Janairun 2025 Sanata Adams Oshiomhole ya yi zargin cewa wasu manyan sojoji masu ritaya na da hannu a haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, har suna amfani da jirage masu saukar ungulu. Shi ma bai kama suna ba.

Wannan ba ya nufin mutanen ƙauye ba su ga abin da suka ce sun gani ba. Jirage na shawagi a kan dazukan yankin, kuma mafi yawansu na jami'an tsaro ne, masu sauke dakaru ko kai musu abinci ko ɗauko waɗanda suka ji rauni. Manomin da ya hango jirgi ya sauka a bayan dutsen da ya san 'yan bindiga na zaune, ba shi da hanyar sanin na wane ne, kuma babu wanda ke zuwa washegari ya yi masa bayani. A irin wannan shiru ne jita-jita ke yin ƙiba. Ba a kuma isa a rantse cewa ba a taɓa yin saukar ɓoye ba. Abin da ake iya cewa shi ne, in an yi, akwai kundi da rasiɗi da sa hannu a wani wuri, kuma a can ya kamata a nema.

Inda ɓarakar take

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa kula da waɗannan takardu ne ke da rauni.

Dokar Najeriya ta raba jiragen masu zaman kansu gida biyu. Mai son ɗaukar fasinja don kuɗi sai ya mallaki lasisin kamfanin sufuri, mai tsauraran sharuɗɗa. Mai son jirgi don kansa da iyalinsa da baƙinsa kuwa izini ne mai sauƙi NCAA ke ba shi, bisa sharaɗin ba zai karɓi ko kwabo ba. An daɗe ana kokawa cewa masu izini na biyu na yin aikin na farko a ɓoye.

A Yunin 2024 ministan sufurin jiragen sama, Festus Keyamo, ya kafa kwamiti kan wannan batu ƙarƙashin Kyaftin Ado Sanusi, yana mai danganta hayar ɓoye da safarar kuɗi da miyagun ƙwayoyi. A shekarar ce NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage. Rahoton kwamitin, wanda aka miƙa a Maris na 2025, ya ƙiyasta cewa gwamnati ta yi asarar fiye da naira biliyan 120 cikin shekara goma, ya kuma nuna damuwa kan sakacin da ake yi a ɓangaren da jiragen masu zaman kansu ke tashi a manyan filaye.

Hukumar kwastam ma ta kira masu jirage su kawo takardunsu a 2021, ta sake kira a 2024. Jirage da yawa da 'yan Najeriya suka mallaka ba sa ɗauke da lambar ƙasar, wadda ke farawa da 5N. Rajistar waje gare su, sun shigo ne da izinin wucin gadi, abin da ke rage wa mai shi haraji, ya kuma bar kula da lafiyar jirgin a hannun hukumar wata ƙasa.

Mafi yawan waɗannan jirage na alfarma ne, masu buƙatar dogon titi mai kwalta, waɗanda ba za su taɓa iya sauka a dajin Sububu ba. Amma ƙofar da suke bi ita ce ƙofar da ƙaramin jirgi da mai saukar ungulu ke bi, kuma ƙasar da sai ta yi shela kafin ta san adadin jiragen da ke cikinta, da wuya ta iya cewa ga inda kowanne ya kwana jiya.

Arewa ta taɓa ganin abin da sakaci da takarda ke jawowa. A ranar 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba, Danbaba Suntai, wanda ya koyi tuƙi a Zariya, ya faɗi da jirgi ƙirar Cessna 208 a kusa da Yola, yana tuƙa shi da kansa. Rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya nuna cewa ba shi da shaidar ƙwarewa a kan wannan samfuri, kuma ya ci gaba da tuƙi da ido bayan faɗuwar rana. Bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 2017. Jirgin mallakar gwamnatin jiha ne, matuƙin kuma gwamna ne, kuma babu wanda ya tsayar da shi.

Wanda ya yi asara

Akwai wani ɓangare na wannan batu da ba a cika tattaunawa ba, wato amfanin da ƙaramin jirgi zai iya yi wa yankin.

Kaura Namoda gari ne da sufuri ya raya. Tun 1929 layin dogo daga Zariya ya ƙare a can, gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Zamfara da Gobir suka riƙa bi ta tasharsa. Daga nan hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa da Sabon Birni, ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. Waɗannan hanyoyi biyu na cikin waɗanda suka fi fama da tare matafiya a shekarun rikicin, har ta kai a wasu lokuta sai da rakiyar sojoji ake bin su.

Daga Gusau zuwa Shinkafi a miƙe kimanin kilomita 100 ne, tafiyar rabin sa'a ga Cessna. Ga mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko likitan tiyata da ake jira, ko allurar rigakafi da ke buƙatar sanyi, wannan rabin sa'a ba ƙaramin abu ba ne. A Satumbar 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta ce gwajin da aka yi ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu na fama da tamowa.

A maƙwabta an ga yadda ake yi. A Nijar, ƙungiyar mishan ta SIM ta shafe shekaru tana jigilar likitoci da marasa lafiya da ƙananan jirage tsakanin Yamai da asibitinta na Galmi da kuma Maraɗi. A Borno, jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya masu saukar ungulu sun riƙa kai ma'aikatan agaji garuruwa irin su Dikwa da Monguno da Ngala a lokacin da hanyoyi suka gagara. Hannu ma ba a rasa ba: a Kaduna aka harhaɗa jiragen koyo 60 na rundunar sojin sama da ake kira Air Beetle, bisa tsarin RV-6A, wanda a da a Amurka mutane suka riƙa saye a akwati suna haɗawa a garejin gidajensu.

Amma a arewacin Zamfara ƙaramin jirgin farar hula zai shiga ne tsakanin wuta biyu. A ƙasa akwai masu harbi: a ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka kakkaɓo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a Zamfara, matuƙinsa Abayomi Dairo ya yi tsalle da lema ya tsira. Wanda ya iya samun jirgin yaƙi, Cessna mai tafiyar hawainiya ba za ta ba shi wahala ba, kuma inshorar jirgi ta yau da kullum ba ta biyan asarar da yaƙi ya jawo sai an sayi ƙari na musamman. Ga kuma kayan gyara da ake saye da dala, wadda ta tashi daga kimanin naira 460 a farkon 2023 zuwa fiye da 1,500 a 2024.

A gefe guda kuma akwai tsoron jama'a. A Janairun 2025 wani harin sama da aka kai a yankunan Zurmi da Maradun ya hallaka aƙalla mutum 16 kamar yadda rahotanni suka nuna, cikinsu har da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun 'yan bindiga. Mutanen da ƙarar jirgi ta zame musu ko dai alamar bam ko alamar cin amana, zai ɗauki lokaci kafin su yarda cewa wani jirgin magani ya kawo.

A Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya aza harsashin filin jirgin sama na Gusau, a Disambar shekarar kuma ministan ma'adinai Dele Alake ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da aka sa wa jihar tun Afrilun 2019. Haɗuwar waɗannan biyu na nufin jiragen masu zaman kansu za su sami dalilin zuwa Zamfara da kuma wurin sauka, kusa da ramukan zinare fiye da kowane lokaci a baya. Masu lura da al'amura za su zuba ido su ga ko wane ne zai riƙa duba jakar da ke shiga irin waɗannan jirage a Gusau, da kuma ko za a riƙa rubuta sunan kowane fasinja kafin a rufe ƙofa.